Taƙaitawar Shawarwari Kan Shan Gahawa da Safe

Ga abin da na tsamo daga wata tattaunawa da aka yi kan shan gahawa da safe.

1. Kowa ya yarda cewa sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa yana toshe aikin adenosin, wani sinadarin jiki da ke jawo barci, shi ya sa kasala ke gushewa kamar minti 30 bayan an sha.

2. An amince cewa babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, wato kimanin kofi huɗu, mai juna biyu kuwa ta tsaya a 200.

3. Ra'ayi ya rabu kan sha kafin karin kumallo. Wasu sun ce ba ya damunsu, amma masu gyambon ciki da ƙwannafi sun ce yana tayar musu da ciwo, domin gahawa na ƙara ruwan tsami a ciki. A ganina, maganar waɗannan ta fi cancantar kulawa.

4. Gahawa na ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, don haka mai wannan larura ya tuntuɓi likita. Mai ƙarancin jini kuma ya bar tazarar awa ɗaya tsakaninta da abinci, saboda tana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa.