Muhawara: Kuɗi a hannun manomi, zai kai yaro aji ko a gona zai tsaya?

Alhaji na Dawanau:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ana ta cewa in aka tura wa manomin karkara kuɗi kai tsaye, 'ya'yansa za su zauna a makaranta. Ni dai ban gamsu ba. Nawa ne kuɗin ma tukuna? Shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Gida mai mutum shida, ko naira 30 kowa bai samu ba a rana. Na 2023 kuwa 25,000 ne sau uku, jimla 75,000, an rufe. Firamare da ƙaramar sakandare shekara tara ne. Sannan kuɗin da ya shiga hannun manomi a watan Yuni buhun takin yuriya zai zama, kuma ban ga laifinsa ba. Gara a ɗinka yunifom a raba.

Malama ta Gwale:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kuɗin kaɗan ne, babu musu. Amma ba yunifom ne ke tare yaro a gida ba. A takarda karatu kyauta ne: dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta faɗa, a nan Kano ma an ayyana shi kyauta kuma dole a 2019. Abin da ya rage a wuyan uba ƙanana ne masu yawa, littattafan rubutu, biro, takalmi, sabulun wanki, kuɗin tara, in da nisa kuɗin mota. Babban kuwa shi ne abin da gida ke rasawa ranar da yaro ya tafi aji. Yarinyar da ke fita tallar ƙosai da safe, cinikinta ne cefanen gidan, daga ciki kuma uwar take zubin adashin kayan ɗakinta. Yaron da ke kora awaki kiwo, in ya tafi sai an nemi mai yi. Ka ba uwar nan yunifom biyu ma, gobe farantin talla yana kan 'yarta.

Malamin Gona na Kura:
Alhaji, Malama, kun tsallake abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci: wane wata kuɗin zai sauka. Sabuwar shekarar karatu a Satumba take farawa. A lokacin rumbu ya daɗe da zama wayam, tun Yuli gida yake awo da kwano, ga bashin taki, ga kuɗin 'yan ƙodago na noman farko da maimai. Gero ne kawai ya nuna, masara na tafe, dawa da wake sai Nuwamba zuwa Disamba. Uban da aka ce ya kawo kayan makarantar yara huɗu a makon farko, hanya uku gare shi. Ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a kaka, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Ko ya sussuke geron da ya girbe ya kai kasuwa daidai lokacin da kowa ke kaiwa, ya sayar da arha, da bazara ya dawo ya sayi irinsa da tsada. Alhaji ya fi ni sanin wannan, a rumbunan Dawanau hatsin yake kwana. Ko kuma ya ce yara su dakata sai an gama kaka, kuma wannan aka fi yi. Yaro ya shiga aji a Nuwamba an yi nisa, bai gane komai ba, ya faɗi jarrabawar zangon farko. In aka maimaita haka shekara biyu, da bakinsa zai ce shi boko ba nasa ba ne.

Saboda haka a raba kuɗin kashi biyu. Babban kaso ya sauka ƙarshen Agusta, kafin a koma. Ƙarami ya biyo baya tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin cirar gyaɗa da roron wake, domin a biya ɗan ƙodago maimakon a ɗauke yaro daga aji. Yankin noman rani irin Kura, Bunkure da Garun Malam lissafinsu daban ne. Can tsinkar tumatir da korar tsuntsu a gonar alkama ke cinye zango na biyu, to nasu ƙaramin kason a Janairu ya kamata ya zo.

Alhaji na Dawanau:
Malam, wannan magana ce, na karɓa. Amma bayan kaka lokacin bukukuwa ne. Wa zai hana kuɗin zama gudunmawar aure? A sa sharaɗi kawai: babu zuwa aji, babu kuɗi.

Dakta ta Kabuga:
Ranka ya daɗe, an gwada duka biyun a wasu ƙasashe. Meziko ta fara shirin tallafin kuɗi na Progresa a 1997, kuɗin a hannun uwa, da sharaɗin yaro ya halarci kashi 85 cikin ɗari na ranakun karatu, kuma na 'yan mata a sakandare ya ɗara na maza saboda su suka fi fita. Shiga makaranta ya ƙaru. A Zomba ta Malawi aka kwatanta 'yan matan da aka ba tallafi da sharaɗi da waɗanda aka ba babu shi. Masu sharaɗi sun fi zama a aji, wannan ya goyi bayanka. Sai dai aure da ciki da wuri sun fi raguwa a rukunin marasa sharaɗi, domin yarinyar da ta riga ta bar makaranta ba a yanke wa gidansu kuɗin ba. Sharaɗi yakan fara yanke gidan da ya fi kowa talauci.

Wanda ya fi kama da namu shi ne Tayssir na Maroko. Kuɗi kaɗan aka bayar a ƙauyuka, aka ce na karatun yara ne, rajistar a makaranta ake yin ta, ba a bin kowa da rijistar kiran suna. Fita daga makaranta ya ragu sosai, kuma inda aka ƙara sharaɗi bai ƙara wani abin kirki ba. Batun almubazzaranci kuma, nazarin da masanan Bankin Duniya suka yi a 2014 kan shirye-shirye da dama bai ga kuɗin taba da giya ya ƙaru ba. Wanda ya sayi taki ma bai ɓatar ba, buhunan da za su ƙaru a kaka su ne abincin ɗalibin.

Hedimasta mai ritaya:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Alhaji, sharaɗin naka a kan rijista zai tsaya, kuma rijistar ajin da ke da yara fiye da ɗari da malami ɗaya ba abin dogaro ba ce. Kiran suna kaɗai zai cinye darasin farko. Ranar da aka ce alamar biro ce ke sakin kuɗi, duk yaro zai zama ya halarta, domin malamin a garin yake kwana, ba zai so ya zama wanda ya yanke wa maƙwabcinsa abinci ba. Ni inda nake ganin kuɗi ya fi aiki shi ne tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare. Firamare tana cikin gari, sakandare kuwa sau da yawa sai an yi tafiya, a nan 'yan mata ke zubewa. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Kano ke cikin jihohinsa bakwai na farko, wannan gaɓar ya nufa. Amma in babu aji ko malami a can, kuɗin zai kai yarinya bakin ƙofa ne kawai.

Ma'aikacin Banki:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ke ɓata duk wannan lissafi. Yanzu biyan ta asusu ne, kuma sai an haɗa da NIN. Matar karkara sau da yawa ba ta da waya, layin na miji ne ko na ɗanta, saƙon shigar kuɗi can zai je. Suna a katin ɗan ƙasa Hauwa'u, a BVN Hauwa, shekarar haihuwa ta sha bamban, sai biyan ya maƙale, gyaran kuma sai an shigo birni. In ya shiga, mai POS zai cire nasa, ga kuɗin mashin zuwa kasuwar da yake. Wasu kuma su miƙa masa kati da lambar sirri gaba ɗaya. Kafin a tura ko kwabo, a kai masu rajistar NIN mazaɓa, a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar dagaci, a kuma sanar da adadin da ranar a rediyo domin kowa ya san abin da zai karɓa.

Malamin Gona na Kura:
Ranar nan ita ce maganata. A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin tarayya saboda binciken almundahana, masu jiran kaso na gaba suka yi ta jira. Manomin da ba shi da tabbacin Agusta zai biya, ba zai fasa cin bashin kaka ba.

Alhaji na Dawanau:
To na sauko daga kan yunifom, amma ban sauka daga kan adadi ba. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Kuɗin da aka yanka da naira yau, baɗi darajarsa ta zube. A ɗaure shi da farashin hatsi: a ce kowane ɗalibi kwano kaza na masara a zango, a duba farashin kasuwa a Agusta a biya.

Malama ta Gwale:
Kowane ɗalibi kuwa, Alhaji, ba kowane gida ba. Gidan mata uku da yara goma sha biyu in aka ba shi kason gida ɗaya, a hannun uwargida zai tsaya, 'ya'yan amarya su ci gaba da talla. A rubuta kowace uwa da 'ya'yanta daban. Dakta, a Maroko da aka gwada ba uba da ba uwa, an ga bambanci?

Dakta ta Kabuga:
Ba wani mai yawa ba, Malama. Amma auren mace fiye da ɗaya bai yawaita a can kamar nan ba, don haka kada a ɗauko sakamakonsu a ɗora wa Bunkure. A gwada tsarinki a ƙananan hukumomi biyu tukuna, a ƙirga yaran da ke aji a makon farko na Nuwamba, ba waɗanda aka rubuta a Satumba ba.