A ina mutum zai duba ko an taɓa hukunta likita?

Ɗan Ader: Salamu alaikum. Ƙanwar matata aka yi wa opirasiyo a wata kilinik nan Yamai, ciwo ya ƙi warkewa, da aka sake buɗe ta sai ga kwampiras, wato ƙyallen goge jini, an manta a ciki. Alhamdu lillahi ta tashi, amma sai yanzu kowa ke cewa ai wannan lokotoron ba yau ya fara ba. To me ya hana a samu wurin da za ka duba sunan likita ka ga ko an taɓa kama shi da sakaci kafin ka miƙa mishi cikinka?

Maman Biyu: Allah ya ƙara mata sauƙi. Amma malam me za a wallafa tun da ba mu kai ƙara? Da abu ya faru sai dangi su ce ƙaddara ce a yi haƙuri, dattijai su shiga tsakani, shi ke nan magana ta mutu ba takarda ko guda. Ku rubuta wa Ordre na likitoci, wato hukumar da ke sa ido kan aikinsu, tukuna, ku nemi dosiyenta tun ba ta ɓace ba.

Tsohon Majo: Ɗan'uwa ko a waje ba duka ake buɗewa ba. Amurka na da babban rumbun bayanai kan likitoci da dokar 1986 ta kafa, ya fara aiki 1990, duk diyyar da aka biya a madadin likita ana sa ta ciki, amma asibitoci da hukumomin ba da lasisi ke leƙawa, maras lafiya bai da iko. Jihar Masacusets ce ta fara buɗe wa jama'a nata a 1996. A Ingila kuwa ka sa sunan likita a rajistar intanet ta GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisi, za ka ga ko an dakatar da shi ko an gindaya mishi sharaɗi. Ni wannan na fi so, hukuncin da aka yanke bayan bincike, don biyan diyya ba kullum ke nufin laifi ba, wani sa'in asirans ce ke biya don a huta da shari'a, kuma mai fiɗa da mai karɓar haihuwa dole su fi mai duba ƙuraje shan ƙara, in aka jera su layi ɗaya sai kowane likita ya riƙa gudun majinyacin da ya jigata.

Bawan Allah 227: Majo duk wannan zancen birni ne. Wanda aka ɗauko daga ƙauyen Abalak tsakar dare zuwa Tawa, likitan da ke gardi shi zai samu, ko an wallafa ko ba a wallafa ba.

Ɗan Ader: Gaskiya ne, amma kilinik ta kuɗi fa zaɓa ake yi. Maman Biyu, dosiyen nan mijinta na iya karɓa ko sai ita da kanta?