Wai Bush har yanzu ƙirar Ingila ce?

Baban Ummi: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, talabijin ɗin Bush ƙirar Ingila ce tsantsa. Kamfani ne tun 1932 a Landan, sunan ma daga unguwar Shepherd's Bush aka ɗauko shi, wanda ya haura shekara 90 yana sana'a ai ba a haɗa shi da 'yan jiya.

Mai gyara: Alhaji Allah ya ja kwana, amma a kwance bayanta a leƙa tukuna. Mu da muke buɗe su, sau da yawa allon ciki na Vestel ne, kamfanin Turkiyya, kuma shi ɗin dai za ka tarar a cikin wasu talabijin masu wani suna daban, har rimot ɗinsu kan yi wa juna aiki. Suna kawai aka manna a goshi.

Baban Ummi: To sunan banza ne? Da haka kawai ake samunsa?

Ɗan Leeds: Kawu a yi haƙuri in sa baki. Bush ɗin da kake nufi ya yi zamaninsa kam, kamfanin Rank na Ingila ya mallake shi a 1945, aka haɗe shi da Murphy, wani kamfanin rediyo da talabijin, a 1962, ga babbar masana'anta a garin Plymouth na Ingila, to da kayan Japan suka cika kasuwa sai suka shiga haɗin gwiwa da kamfanin Toshiba na Japan a 1978 abin bai yi ƙarko ba, zuwa 1981 Rank ya sayar da sunan ya kama gabansa. Daga nan suna ne kawai ke yawo hannu zuwa hannu, kamfanin Alba ya saya a 1988, masu kantin Argos suka karɓa a 2008. Nan Ingila inda nake Bush ce ta masu ƙaramin ƙarfi, mu ɗalibai ita muke saya.

Maman Sadiq: Ni dai ban ga laifin Alhaji ba. Argos ɗin ba na Ingila ba ne? Sainsbury's, kamfanin manyan kantuna na Ingila, ce ma ke da shi tun 2016. In ta lalace wa za ka kai wa ƙara, Turkawa?

Mai gyara: Hajiya kanti ne fa, ko noti ɗaya ba ya ƙerawa. Mallaka daban, ƙira daban.

Baban Ummi: Shi kenan dai Japanawa ne suka kashe musu kasuwa da araha.

Ɗan Leeds: Nan ma ban yarda duka ba Kawu. Masana'antar Plymouth ɗin da ta gagari Rank, Toshiba ya sake buɗe ta a 1981 da 'yan garin, ma'aikata kaɗan, ya yi ta harhaɗa talabijin har 2009 kafin ya kwashe aikin zuwa Poland. Gini ɗaya, gari ɗaya, kusan shekara 30.

Maman Sadiq: Ka ce kaɗan ko? Sauran da aka sallama fa, su ma ka tambaye su wa ya kashe.