A ɗora manhajar neman fayil tun farko, ko a bar wa mai so?

Malam Sani: Ni dai a ganina, manhajar da ke bin fayiloli tana haɗa jerin abin da ke cikinsu bai kamata ta zo a kunne cikin sabon tsarin kwamfuta ba. Ka kunna na'ura, ba ka buɗe komai ba, faifai na ta gurnani, fanka na huci. Mai so ya ɗora da hannunsa.

Hadiza: Malam, wanda ya iya ɗorawa ai ba shi ne mai buƙata ba. Mai buƙata shi ne wanda ya ajiye takarda bara, ya manta sunanta da inda ya jefa ta, sai kalma ɗaya da yake tunawa a ciki. Tun 2005 Apple ta sa irin wannan manhaja, Spotlight, a Mac OS X Tiger, Microsoft ma ta shigar da tata cikin Windows Vista.

Bashir: Kukan Malam na da tushe fa. 'Yan Linux ba su manta da manhajar neman fayil ta Beagle ba, yadda take laƙume ƙwaƙwalwar na'ura. KDE, ƙungiyar masu haɗa manhajojin Linux, ma sai da ta ajiye manhajar nemanta Nepomuk ta kawo Baloo a madadinta a 2014. Amma zamanin faifai mai juyawa ke nan, a kan SSD, faifan zamani marar juyawa, da wuya ka ji motsinta.

Malam Sani: To batun sirri fa? A 2012 Ubuntu 12.10, wani nau'in Linux, ta fito, ka rubuta kalma kana neman fayil ɗinka, sai ga tallar kayan Amazon.

Hadiza: Wannan laifin aika abin da ka rubuta zuwa intanet ne, Malam. Jerin da ke zaune a faifanka bai je ko'ina ba.

Bashir: A raba gardama mana. Neman suna kawai ba shi da nauyi. Manhajar Everything a Windows daga teburin NTFS, wato tsarin ajiyar fayil na Windows, take karanto sunaye, nan da nan ta gama. A bar wannan a kunne, karanta cikin fayiloli kuma a tambayi mutum lokacin ɗorawa.

Malam Sani: Wannan na yarda.

Hadiza: Ni ban yarda ba, Yaya Bashir. Wa ke karanta tambayoyin ɗorawa? Dannawa kawai ake yi a wuce. Takardar nan tawa ta bara har yanzu ba a gano ta ba.