Likkafar zamiya: suna ga ƙarfen da ke riƙe takalmin ɗan wasan ƙanƙara

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo, duk lokacin da gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo mukan ce wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kowa ya gane, hular kwano kuwa masu babur sun riga sun ba mu sunanta. Inda harshe ke cijewa shi ne ƙarfen da ke haɗa takalmin ɗan wasa da dogon katakon da yake zamiya a kansa, wanda Ingilishi ke ce wa "binding", Faransanci kuma "fixation". Ba a yin bayanin kauce wa rauni a wasan nan ba tare da ambatonsa ba.

Kafin a raɗa suna sai a san aikin abu. Ƙarfen baki biyu ne, ɗaya yana kama kan takalmi, ɗaya yana kama dunduniya, kowanne da sifirin a cikinsa. Idan mutum ya faɗi katakon ya murɗe, bakin gaba yakan buɗe ta gefe, na baya ya buɗe ta sama, takalmi ya fice. In ba haka ba, katakon da ya kusa kai tsawon mai shi zai murɗa ƙwauri har ya karye. Karayar ƙafa a 1937 ce ta sa Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norway mazaunin jihar Oregon ta Amurka, ya ƙera irin mai sakin, sannan kamfanonin Look na Faransa da Marker na Jamus suka inganta shi a farkon shekarun 1950. Binciken da aka soma a jihar Vermont a 1972 ya nuna karayar ƙwauri ta ragu ƙwarai, yayin da tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta ƙaru, domin gwiwa takan ji ciwo tun ƙarfen bai kai ga buɗewa ba.

Wasu sun kawo maɗauri, amma wanda ya ji ɗauri zai zaci ƙara tamkewa ce lafiya, alhali ita ce hanyar asibiti. Tarko ba ya sakin abin da ya kama. Makulli zai sa mai sauraro ya nemi ɗan mabuɗi, mariƙi kuma ya fi zama a jikin ƙofa da bokiti.

Ni dai likkafa na zaɓa, mu ce likkafar zamiya. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san likkafa ce ke daidaita zaman mahayi, da ita yake dogara lokacin sukuwa, kuma ya san babban abin tsoro shi ne mahayi ya faɗo ƙafarsa ta maƙale doki ya ja shi a ƙasa. Kalmar tana ɗauke da riƙo da kuma wajibcin saki, ba sai an yi mata dogon sharhi ba. Wani dattijo cikinmu ya ce, "Malam, ai likkafa lilo take yi a jikin sirdi, wannan kuwa a kafe yake da kusoshi." Gaskiyarsa ce ta fuskar siffa, sai dai Hausa ta saba ɗauko kayan doki ta ɗora wa na'ura saboda aiki. Babu wanda ya taɓa ganin linzami a bakin makami mai linzami, amma sunan ya zauna daram.

Maɗauri ma yana da gurbi, a wasan allon zamiya. A can ƙafafu biyu a tamke suke kan allo guda, mutum yana tsaye a karkace, kuma ba a ƙera abin don ya saki ba. Shi ya sa raunin masu allo ya koma sama: mai koyo yakan dafa ƙasa da tafi idan zai faɗi, sai wuyan hannu ya karye ko ya yi targaɗe, don haka ake ba su shawarar sa makarin wuyan hannu. Sunaye biyu daban za su hana mai fassara haɗa wasannin biyu a magana ɗaya.

Saura lambar da ke jikin likkafar, wadda ake kira DIN, sunan hukumar daidaita ma'auni ta Jamus. Ina ganin lambar saki ta wadatar. Masu shagon haya kan fitar da ita daga nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa da tsawon tafin takalminsa da ƙwarewarsa. Idan ta yi ƙasa, likkafa za ta buɗe ana tsakiyar gudu. Idan ta yi sama, za ta ƙi buɗewa a lokacin faɗuwa, kuma wannan ne ke samun wanda ya ari kayan abokinsa da ya fi shi jiki, ko ya yi wa mai shago ƙaryar ƙwarewa. A rahoto ana iya cewa, "Ɗan wasan ya karye ne saboda an ɗaga lambar saki, likkafarsa ta ƙi buɗewa." Ina roƙon 'yan'uwa na Nijar su gwada wannan jimla a kunnen masu sauraronsu, su gaya mana ko ta shiga.