Mma ta ce a ajiye maganin kafin biki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri ban sa suna ba, maganar ta cikin gida ce. Muna Aboabo a nan Kumasi. Ƙanwata shekararta 24. Shekara uku da suka wuce ta yi wani tashi da har yau ba mu manta ba: kwana biyar ba ta runtsa ba, surutu ba tsayawa, ta kwashi atamfofin da take sayarwa a Kejetia ta rabar a titi, wai Allah ya buɗe mata, kuɗi na tafe. Bayan nan ta shige ɗaki kusan wata biyu, ko wanka sai an yi da gaske. Da farko mun ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Daga baya muka kai ta Gee, wato asibitin Komfo Anokye, likitan ƙwaƙwalwa ya ce baifola ne, ciwon da kan sa mutum tashi da zumuɗi mai yawa wani lokaci, wani lokaci kuma ya faɗa baƙin ciki mai tsanani. Ya ɗora ta a kan Epilim safe da dare, da olanzapine lokacin kwanciya. Shekara biyu ke nan lafiya lau, har ta koma kasuwa.

To an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Mma, mahaifiyarmu, ta dage a ajiye maganin, ta ce yarinya ta warke, kuma ba za a kai amarya da kwalin ƙwayoyi a akwati dangin miji su gani ba. Ita ma ƙanwar tawa tana son bari saboda ƙiba, don ɗinkin da aka auna mata wata huɗu baya ya ƙi shiga. Angon ya san ta taɓa rashin lafiya, bai san wace iri ba. Mu rage a hankali ne har ta daina, ko yaya?

Wata nas daga Tafo:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, don Allah kada ku taɓa maganin da kanku, ko ragewa ko dainawa. Lafiyar nan da kuke gani maganin ne ke riƙe da ita, kamar dai hawan jini. Kuma ba lokacin da ya fi biki hatsari, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon nan. Daren lalle, baƙi, kiɗa har asuba, a ce kuma babu magani a jiki?

Amma akwai abin da ya fi wannan damu na. Dubi kwalin Epilim, za ki ga an rubuta sodium valproate. Maganin yana aiki, sai dai yana cutar da ɗan tayi. Cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi da ciki, kusan 10 ana haifarsu da naƙasa, irin tsagewar ƙashin baya ko ta leɓe, alhali a sauran mata 2 ne zuwa 3. Wasu 30 zuwa 40 kuma sukan samu jinkirin magana da koyo. Ƙashin bayan jariri a makonni huɗun farko yake haɗewa, tun mace ba ta san ta ɗauka ba. Saboda haka ku koma wurin likita a makon nan, ku ce masa aure za ta yi. Akwai wasu magungunan da zai iya mayar da ita kansu, amma canjin a hankali ake yi, yana cin makonni, wani lokaci watanni. Zai kuma yi mata maganar jinkirta ciki har canjin ya zauna. Ƙibar ma ku faɗa masa, magungunan duka biyun suna sa ta, kuma olanzapine na iya ɗaga suga, a gwada mata.

Wani ɗan'uwa daga Asawase:
Ni mai ciwon ne, shekarata tara a kan litiyam, wani maganin baifola. Sau ɗaya na ce na warke na watsar. Ban cika wata uku ba na sayar da babur ɗina, na hau mota zuwa Tamale ba tare da na san abin da zan je yi ba. Yayana ne ya je ya ɗauko ni. Kunyar da Mma ke gudu, ta kwalin magani, ba ta kai rabin wannan ba. In ma likita ya mayar da ita kan litiyam, ku sani shi ma yana da dokokinsa: gwajin jini sa'o'i 12 bayan ƙwayar ƙarshe, duba ƙoda da ƙullun maƙoshi (thyroid) lokaci-lokaci, shan ruwa sosai in ana zafi, kuma ba a haɗa shi da Brufen ko diclofenac ɗin da muke saye a shagon magani don ciwon jiki. Wane ne ya dace da mai neman haihuwa, wannan likita ne zai yanke, ba ni ba.

Wata Hajiya:
'Yata, kada ku ga laifin uwarku. Ku yara ba ku san bakin zango ba. Yau aka ce wance tana shan maganin ƙwaƙwalwa, gobe ƙannenta ma sun rasa manema. Ni shawarata dangin miji ba ruwansu, a bar su. Amma shi mijin dole ya sani, tun da shi zai kwana ɗaki ɗaya da ita, shi zai fara ganin ta daina barci. Ranar da ya tsinci kwalin a ƙarƙashin katifa da kansa, ran nan ne auren zai girgiza.

Wani ɗan'uwa:
Akwai mai maganin gargajiya da na sani, wata ɗaya kawai ya wanke mata kai ta rabu da ƙwayoyin nan na bature.

Nas ɗin ta sake cewa:
Yaya, mun sha karɓar waɗanda aka wanke wa kai, a ɗaure ake dawo mana da su.

Wani malamin makaranta daga Sawaba:
Addu'a da ruƙiya ba sa faɗa da asibiti, a ci gaba da su, a ci gaba da magani. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ɓoye wa mai neman aure lalura irin wannan kuwa bai dace ba. Ku sami dattijo ɗaya mai riƙe sirri ya zaunar da yaron. In don wannan zai fasa, gara ya fasa tun ba a ɗaura ba.

Wata 'yar'uwa daga Nima, Accra:
Nawa ciwon ya dawo min ne kwana goma bayan haihuwar fari, ana tsakiyar hidimar suna. Makonnin jego ku sa mata ido sosai, ku samo mai tashi da jariri da dare. Sannan ku sabunta mata katin inshorar lafiya, tun ƙarshen 2024 aka sa baifola cikin cututtukan da yake ɗauka. Wani lokaci dai maganin kan yanke a asibiti sai an saya a waje, kada ku bari sai ƙwaya ta ƙare.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi maganar ciki ba ta taɓa zuwa min a rai ba. Na karanta wa Mma amsar nas, ta yi shiru, can ta ce ita ba ta yarda da maganar waya ba, sai ta ji daga bakin likita. Na ce to mu je tare ranar Talata, ta ce za ta je. Ɗinkin na mayar wa tela ya buɗe. Saura maganar ango. Ƙanwar tawa ta ce ba ta son dattijo, ita za ta faɗa masa da bakinta, amma in zauna a kusa.