Kwas ɗaya ya riƙe ƙanina a jami'a, don Allah ku ba ni shawara

Abban Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kaina ne ya ɗaure, ko barcin kirki ba na samu.

Mahaifinmu ya rasu ina aji biyar a sakandare, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Daga nan karatuna ya tsaya, na koma tsaron shagon yadin kawuna a Kasuwar Barci har Allah ya sa na samu rumfar kaina. Ƙannena mata uku duk ni na aurar da su, daga gado har kwanukan jere. Amma na ƙudurta a raina ko mutum ɗaya ne sai ya yi digiri a gidanmu. Ƙanina namiji shi Allah ya ba kan karatu. Ya daɗe yana zana JAMB, maki yana fita amma gurbi babu, sai a 2018 ya samu wata babbar jami'ar tarayya, ba a jiharmu ba, kuma ba zan kama suna ba. Hajiyarmu ta sayar da filin da ta gada a Rigasa don a fara, ni kuma na ɗauki sauran. Ɗakin kwana a cikin makaranta sau ɗaya ya taɓa samu, daga nan sai haya a waje. Korona ta zo a 2020 haɗe da yajin aikin ASUU na wata tara, a 2022 aka sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaro yana gida yana taya ni auna yadi, mai gidan haya kuma bai yafe ko kwabo ba.

A ƙarshe dai ya gama, ya kare furojet, har Hajiya ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Da jerin waɗanda suka kammala ya fito, babu sunansa. Wai kwas ɗaya na aji biyu ba shi da sakamako. Ba faɗuwa ya yi ba, gurbin ne fayau babu komai. Malamin da ya koyar ya bar aiki ya fita waje. Na bi shi da kaina na gani: benci a baranda, ɗalibai jere tun safe, fayil-fayil ɗaure da igiya a ƙasa har bakin taga, masinja yana leƙowa yana cewa oga bai shigo ba, a dawo gobe. Har la'asar muna wurin.

Yanzu sun ce ya sake rajista ya biya kuɗin shekara cur saboda kwas ɗaya. Da ya shiga kuɗin bai kai dubu 30 ba, yanzu ya haura dubu 100, ban da haya da mota. Ga shi saura 'yan watanni ya cika shekara 30, bautar ƙasa za ta wuce shi. Wani kuma a can ya ja shi gefe ya ce a kawo dubu 60 zai nemo sakamakon. In biya makaranta ne, ko in ba mutumin nan, ko mu haƙura gaba ɗaya?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci, irinku sun yi ƙaranci. Allah ya kawo mafita.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Unguwar Rimi:
Ɗana, na yi aiki a ofishin magatakarda har na yi ritaya, saboda haka ka saurare ni da kyau. Zaman benci ba ya fito da sakamako. Jami'a takarda take ji, abin da ba a rubuta ba tamkar ba a faɗa ba ne.

Sakamako yana da hanyar da yake bi. Daga malamin kwas zuwa jami'in jarrabawa na sashe, daga nan hukumar sashe, sai ta tsangaya, sannan majalisar jami'a ta amince. Tafiyar malami ba hujja ba ce, domin takardun amsa da takardar maki kayan sashe ne, ba ya tafiya da su gidansa. Kuma duk ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa yana sa hannu a takardar halarta. Ita ce makaminku. In sunansa da sa hannunsa suna ciki, nauyi ya koma kan sashe.

Ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe, ya haɗa da fom ɗin rajistar kwasa-kwasan wannan zangon, da rasit ɗin Remita, da katin jarrabawa. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa. In mako biyu ya wuce shiru, ya kai kwafi teburin SERVICOM na makarantar, wato masu karɓar koke kan yadda ake yi wa jama'a aiki. In nan ma shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, tun 1975 take, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi.

Mai dubu 60 kuwa, kada ka kuskura. Amma ka faɗa mana, fom ɗin rajistar yana hannunsa? Kwas ɗin yana ciki?

Ɗan Kawo:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan tsarin zamaninku ne. Ni takardar cikakken sakamakona na nema don karatu a waje, na biya ta intanet, na rubuta wasiƙu har da hatimin da kake faɗa, lokacin neman gurbin ya wuce ba a tura ba. Abokina da ya san wani a ciki cikin kwana kaɗan ya samu tasa. Abban Sadik, dubu 60 da dubu 100 da haya wanne ya fi sauƙi? Ka ba shi rabi, in suna ya fito ka cika.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ɗan Kawo, turo takarda da wuri daban, ƙirƙiro maki daban. Makin da bai bi ta hukumar sashe ba, ranar da aka zo tantancewa za a gano, kuma jami'a tana da ikon janye digiri ko bayan shekara goma ne. Ka san wanda za a kora? Yaron. Mai karɓar kuɗin zai rantse bai taɓa ganinsa ba. Na ga irin wannan da idona ba sau ɗaya ba.

Abban Sadik:
Na gode Baba. Maganar fom, gaskiya a wannan zangon rajistarsa ta yi latti. Da aka koma makaranta bayan korona ba ni da kuɗi a hannu. Kowa a Kaduna ya san yadda aka rufe kasuwanni watanni muna zaune a gida muna cin uwar kuɗi. Lokacin da na haɗa, an rufe shafin rajista, sai aka ba su wani fom suka cike da hannu. Ya ce ya miƙa, kuma ya zauna jarrabawar. Ni na yarda da shi, yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kuma sauran kwasa-kwasan da ke kan wannan fom ɗin duk sun fito, me ya sa sai wannan?

Hajiya Uwar Gida, Malali:
Ni abin da ke ci mini rai a irin wannan magana shi ne komai sai a ɗora wa malamai. Maigidana lakcara ne. Aji ɗaya ɗalibai ɗaruruwa, wasu a tsaye wasu a bakin taga, shi kaɗai zai yi makin takardunsu, da fitilar waya in babu wuta. Yajin aikin 2022 albashin wata takwas aka riƙe musu, sai daga baya aka biya na wata huɗu. Mun sayar da mota, yarana biyu na cire daga makarantar kuɗi. Wanda ya samu hanya ya fita waje kada a ga laifinsa. Ku je ku tambayi gwamnati inda kuɗin ilimi yake tafiya.

Malam na Badarawa:
Hajiya, ba wanda ya zagi maigidanki. Amma ɗalibin da ya biya kuɗinsa me ya yi? Abin da na kasa ganewa ke nan, kuɗi yana hawa, aiki yana nan yadda yake. A nan gida ma a 2021 aka ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, zuwa dubu 150, sai a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage zuwa dubu 105. Bayan cire tallafin mai a 2023 jami'o'in tarayya da dama su ma suka ƙara nasu. Ana cewa karatun kyauta ne, kuɗin hidima kawai ake biya. To ina hidimar, in mutum zai biya kuɗin ɗakin karatu da na asibiti da na wasanni na shekara guda don ya zauna jarrabawar awa biyu? Ni ɗiyata ɗinki ya riƙe ta, digirin yana cikin akwati.

Ummu Hanan:
Me zai hana ya nemi bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu? Su ke biyan makaranta kai tsaye, kuma suna ba ɗalibi dubu 20 duk wata. Babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. NIN da BVN da lambar JAMB ake nema. Ƙanwata ta samu.

Abban Sadik:
'Yar'uwa na gode, amma bashi kam a'a. Shekara bakwai na riƙe shi ban ci bashin kowa ba, ba zan bari ya fara rayuwa da bashin gwamnati a wuyansa ba. Kuma ba rashin kuɗin ne kawai ke damuna ba. Ko na sayar da kaya na biya, kwas ɗin na zango na biyu ne, kafin a yi jarrabawa a amince da sakamako ya haura 30.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
To yanzu ka zo inda maganar take, kuma da ka faɗi batun fom ɗin hannu tun farko da mun rage tsawon zance. Irin wannan fom ɗin wani ne yake zama ya shigar da shi kwamfuta. In ya tsallake layi ɗaya, sunan yaro ba zai fito a jerin masu kwas ɗin ba, malami zai yi maki amma babu inda za a zuba shi. Ina kyautata zaton makin yana nan a tsohuwar takardar maki a sashe. Shi ya sa mutumin can ya ce zai nemo, ya san inda yake. Abin da hakkinku ne yake son ya sayar muku.

Batun shekaru kuwa, hukumar bautar ƙasa ta NYSC ranar kammala karatu take dubawa, ba ranar shiga sansani ba. Wanda ya kammala kafin ya haura 30 zai tafi ko an yi jinkirin kiransa. Saboda haka in aka gyara tsohon sakamako yana da dama, in ya sake rajista kuwa ranar kammalawarsa ta matsa gaba. Kada ka biya kuɗin shekarar nan tukuna. Biyan tamkar amincewa ne cewa bai yi kwas ɗin ba. Sannan ya duba ko sunansa yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, domin in babu, ko an gyara wannan can ma zai tsaya.

Ɗan Kawo:
In kuma ya tsaya jiran wasiƙa aka rufe rajistar bana fa? Ya yi biyu babu, shekara ta sake tafiya. Baba, kai fanshonka kake jira, shi rayuwarsa ce ke tafiya.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Fanshon da ni ma sai da na yi shekaru ina bin sawunsa, kuma da takarda na same shi, ban ba kowa cin hanci ba. Ka iya bakinka, na haife ka.

Abu Fatima, Mando:
Ni ban ga abin tashin hankali a bautar ƙasa ba. Wanda ya wuce shekaru ana ba shi takardar yafewa, kuma tana aiki wajen neman aiki. Ya biya ya yi kwas ɗinsa cikin kwanciyar hankali. Ko ku kai shi Kwatano, shekara ɗaya ya fito.

Malam na Badarawa:
Kwatano kuma? A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kada ka jefa bawan Allah cikin wani ramin.

Abban Sadik:
Abu Fatima, alawus ɗin bautar ƙasa yanzu dubu 77 ne a wata. A shekara ya haura dubu 900. Da shi muka yi lissafin zai kama sana'a, ni kuma in numfasa, yarana ma sun taso. Ban da haka Hajiya burinta ta gan shi cikin kakin nan, filinta ta sayar. Ba zan iya zuwa in ce mata takardar yafewa za a ba shi ba.

Baba, na kira shi yanzu. Rasit yana nan, katin jarrabawa yana nan, amma kwafin fom ɗin hannun ya ce ɗaya aka ba su kuma shi suka miƙa. Kada a ce sakaci ne, yaro ɗan aji biyu ina zai san ana ajiye irin wannan? Kuma yana tsoron in ya kai ƙara sama shugaban sashen zai riƙe shi a zuciya, alhali a hannunsa komai yake. Mutumin can kuma ya sake kira, ya ce zuwa Juma'a in ba a kawo ba ya cire hannunsa.

Maman Ilham:
Ba ku da wani babba da ya san wani farfesa a can? Wani lokaci kiran waya ɗaya ya fi wasiƙa goma. Ku kuma dage da addu'a, Hajiya ta sa shi a gaba.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Katin jarrabawar ya isa a fara da shi. Ya duba bayansa, mai sa ido yakan sa hannu a gaban kowane kwas. Ka turo mini hotonsa ta akwatin sirri in tsara muku wasiƙar yau.

Abban Sadik:
To Baba, zan turo in ya samu caji, ba su da wuta tun jiya. Amma rajistar bana ranar Litinin ake rufewa. Ɗan Kawo, in an ba irin mutanen nan rabi, suna cikawa kuwa?